Littafin ƙura: yadda neman gurbin digirin digirgir yake tafiya

12 ga Agusta, 2023

Na buɗe wannan rubutu ne don in daina yaudarar kaina. Shekara uku ke nan ina cewa baɗi zan nema, baɗin kuma ta ƙi zuwa. Na gama digiri na biyu a injiniyan lantarki, ina koyarwa, kuma duk mai aikin jami'a ya san inda igiyarsa take ƙarewa: in babu digirin digirgir akwai matakin da ba ka haye shi, ko da furfura za ta cika maka kai a aji. Yajin aikin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, ya isa a ce na shirya komai a cikinsa. Ban yi ba. Ɗinki na koya.

Yau dai na zauna na yi jeri: jami'o'i goma sha huɗu, kusan duka a Amurka, kuma duka irin waɗanda ko direban a-daidaita-sahu ya taɓa jin sunansu. Maigida ya leƙo ta kafaɗata ya karanta, ya ce, "Wannan jerin makarantu ne ko jerin buri?" Ban tanka masa ba.

Ga tsarin kamar yadda na fahimce shi. A Amurka ana buɗe nema wajen Satumba, yawancin sassan injiniya suna rufewa 1 ko 15 ga Disamba, amsa tana fitowa Fabrairu zuwa Maris, a fara karatu a Agusta. Karatun yakan ci shekara biyar, biyun farko da darussa da wata jarrabawar tantancewa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawancin ɗalibai ba wani tallafin karatu ne da su ba irin wanda muka sani. Aiki suke yi. Ko dai farfesa ya ɗauke ka aikin bincike da kuɗin da ya samo, ko sashe ya ba ka koyarwa, a yafe maka kuɗin makaranta, a riƙa ba ka abin cin abinci da haya duk wata.

Kuɗin cike kowace takarda kuwa dala 75 ne zuwa 125. Tun da aka saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati, yanzu 'yan canji suna neman 900. Goma sha huɗu ba za ta yiwu ba.

20 ga Agusta

Na ɓata dare biyu ina karanta tallafin NSF, hukumar kimiyya ta gwamnatin Amurka, wanda duk shafin ba da shawara yake yabo: dala 37,000 a shekara har shekara uku, kuma kuɗin yana bin ɗalibi duk inda ya je. Sai a dare na biyu na karanta sharaɗin farko. Na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin. Yawancin shawarwarin da ke yawo a intanet Ba'amurke ne ya rubuta wa Ba'amurke, ni kuwa na ɗauka da ni ake.

Waɗanda suka shafe ni ga su. PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na gwamnatin Najeriya da aka kafa tun 1973, yana tura mutane waje, amma hankalinsa yana kan man fetur da gas da makamashi, sai na yi dabarar nuna inda aikina ya shiga. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, sai makarantarka ta miƙa sunanka, akwai layi, kuma akwai yarjejeniyar dawowa ka yi aiki. Wannan ban ga laifinsa ba, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Damuwata ɗaya ce da duk kuɗin da ake lissafawa da naira a kashe da dala. Sai Faculty for the Future na gidauniyar Schlumberger, wanda aka fara a 2004 musamman don mata daga ƙasashe masu tasowa da ke son digirin digirgir a kimiyya da injiniya, har dala 50,000 a shekara, da sharaɗin cewa za ki koma gida. Akwai kuma RSIF, tallafin digirin digirgir na 'yan Afirka, wanda cibiyar icipe ta Nairobi take gudanarwa, har Jami'ar Bayero tana cikin masu karɓar ɗalibansa, sai dai fannin da aka ba ta ba nawa ba ne.

2 ga Satumba

Na aika wa farfesoshi goma sha ɗaya imel. Kowanne na gaya masa cewa ni mai ƙwazo ce, kuma ina sha'awar makamashi mai sabuntawa. Shiru kake ji.

14 ga Satumba

Babban layin wutar ƙasa ya faɗi gaba ɗaya da daren jiya zuwa safiyar yau. Ina zaune da fitilar waya ina rubuta takardar bayanin manufa, sai na ji kamar Allah ne ya aiko mini da sakin layi na farko. Na rubuta shafi biyu a kan duhu: ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, asibitocin da ake haihuwa da tocila, masu walda da ke zaman jiran wuta, yarinyar da ta yi karatu da aci-balbal ta zama injiniya. Da na karanta sai da idona ya kawo ruwa.

30 ga Satumba

Na kai wa Farfesa, wanda ya duba mini aikin digiri na biyu. Ya karanta da gilashinsa a ƙarshen hanci, ya juya takardar ya duba bayanta kamar akwai saura.

"Injiniya, wannan huɗuba ce. Ina tambayar?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai matsalar wuta ce tambayar."

Ya ce matsalar wuta ba tambaya ba ce, hali ne da ake ciki. Ya ce mutanen da za su karanta wannan takarda sun karanta irinta ɗari daga Legas da Dakka da Karachi, kowa da fitilarsa ta ƙwai. Ba tausayi suke rabawa ba, abokin aiki suke nema. Sannan ya tambaye ni, "Wai ina littafin nan naki na ƙura? Kin daina?"

Ban daina ba. Ban dai taɓa ɗaukarsa bincike ba ne. Tun Nuwamban 2021 na ɗora farantan sola biyu iri ɗaya a kan rufin gidanmu, gefe da gefe, karkata ɗaya. Ɗaya ina goge shi kullum da safe, ɗayan ba na taɓa shi sai ranar da zan gwada su a tsabtace. Da rana ta take tsaka sai in hau da mita in auna amfiya nawa kowanne yake bayarwa, in raba na mai datti da na mai tsabta, in rubuta. Ranar da nake makaranta ƙanin maigida yake hawa. A gefe ina rubuta yadda gari yake: hazo, iska, ko an yi yayyafi. Littafin ma irin na masu kanti ne da suke rubuta bashi. Asalin abin gardama ce tsakanina da mai haɗa mana sola, wanda ya rantse batir ne ya mutu, ni kuma na ce ƙura ce.

Farfesa ya ce, "Kina da hunturu biyu a rubuce, kika zo mini da labarin aci-balbal?"

Na fito raina a ɓace. Kafin in kai bakin titi na san gaskiya ya faɗa.

8 ga Oktoba

Mako guda ina shigar da lambobin littafin cikin kwamfuta. Da na zana su sai abin da idona bai gani ba a shafi ya fito fili. A tsakiyar hunturu farantin da ba a gogewa yana raguwa kullum, wannan kowa ya sani. Amma in iska mai ƙarfi ta taso yakan farfaɗo kaɗan da kansa. A farkon kaka kuwa, lokacin da ake samun raɓa da asuba, ba ya farfaɗowa, kuma ranar da na wanke shi sai na dirje. Ashe abin yana da suna a wurin masana: raɓa tana jiƙa ƙurar, ta narkar da gishirin da ke cikinta, rana ta busar, ƙurar ta manne kamar siminti.

Ga kuma wani abu da ya sa wurinmu ya bambanta. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka farantanmu kusan a kwance ake ɗora su don su fuskanci rana. A Turai a tsaye-tsaye suke, a yawancin wurare kuma ruwan sama yana wanke musu akai-akai. Mu namu faifai ne aka shimfiɗa wa ƙura, wata shida ko fiye babu ɗigon ruwa. Ita kanta ƙurar ba ta titi ba ce kawai. Mafi yawan hazonmu daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafkin Chadi, inda iska take matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi farar ƙasa mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa da suka mutu dubban shekaru da suka wuce. Ana ƙirga wurin a matsayin mafi girman mafitar ƙura a duniya. Abin da nake sharewa da tsumma kullum da safe ke nan.

Tambayata yanzu jimla ɗaya ce: yaushe ya kamata a wanke farantai a yankin Sahel, kuma da ruwa nawa, in an yi la'akari da irin ƙurar da damshin iska? Ga ƙaramar tashar sola ta ƙauye, inda jarkar ruwa kuɗi ce, amsar tana iya zama bambancin riba da asara.

Na goge jerina na goma sha huɗu. Yanzu ba sunan makaranta nake bi ba. Ina buɗe maƙalun da aka rubuta a kan dattin farantai, in duba su wane ne suka rubuta, ina suke, kuma wa ya ba su kuɗi.

15 ga Oktoba

Jarrabawar Turanci. Tun firamare da Turanci aka koyar da ni, da shi nake koyarwa, da shi aka yi mini bulala in na yi Hausa a aji, amma sai na biya na tabbatar ina jin sa. Wasu jami'o'in suna yafe wa 'yan Najeriya, wasu ba sa yi, kuma sakamakon shekara biyu kawai yake aiki, kamar harshe yana ruɓewa. Na zaɓi TOEFL, an rage tsawonta tun Yuli, yanzu ba ta kai awa biyu ba. GRE kuwa, jarrabawar da ake yi wa masu neman digiri na gaba, na yanke shawarar ba zan yi ba. Tun bayan korona sassa da yawa sun daina nemanta, duk wanda ya nace a kanta na cire shi.

Katin naira ba ya biya a waje, sai ta asusun dala. Na je Wapa, wurin 'yan canji, da kaina. Dala ta wuce dubu. Takarda ɗaya ta dala 100 ta fi albashin wata uku na mai karɓar mafi ƙarancin albashi, naira 30,000. Na sayar da keken ɗinkin yajin aiki. Ashe da rabon ya yi amfani.

21 ga Oktoba

Sabon imel, layi bakwai kacal, da zane ɗaya a maƙale. Na ce ga abin da na auna, ga inda ya saɓa da maƙalarku ta kaza, ko kuna ɗaukar ɗalibi baɗi? Na aika wa mutum shida. Uku sun amsa cikin kwana huɗu. Ɗaya ta ce ba ta da kuɗi bana. Ɗaya, a yammacin Amurka inda su ma hamada ce, ya ce in nema in ambaci sunansa. Na ukun daga kudancin Sifaniya ya yi mini tambayoyi biyar a kan mitar da nake amfani da ita, sannan ya ce in sa ido a EURAXESS, shafin da ake tallata guraben bincike a Turai, za a tallata gurbi a ƙarshen shekara.

Wannan ya buɗe mini ƙofar da ban san da ita ba. A Turai sau da yawa digirin digirgir aiki ne da ake tallatawa kamar kowane aiki, babu kuɗin cike takarda. Guraben shirin Marie Curie na Tarayyar Turai kowane ɗan ƙasa yana iya nema, sharaɗin dai kada ka zauna a ƙasar fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka wuce. Shekara uku ne, da albashi, har da ƙarin kuɗi ga mai iyali. Wannan na ƙarshen na karanta shi sau uku.

5 ga Nuwamba

Na aika takardun Faculty for the Future. Hazo ya fara. Hunturu na uku a littafi. Na ƙara na'urar auna damshi, 'yar ƙarama, na ɗaure ta da waya a ƙarƙashin faranti.

18 ga Nuwamba

Takardar sakamakon digirin farko. Na biya tun Satumba. Na je sau huɗu. Zuwan farko mai makulli ya tafi jana'iza. Na biyu an ga fayil amma babu sakamakon aji uku. Na uku an ga aji uku, mai sa hannu ya yi tafiya. Yau wata baiwar Allah a ofishin ta dube ni ta ce, "'Yar uwa, zauna nan, kada ki tashi," ta shiga ɗakin ajiya da kanta, ta fito mayafinta fari fat da ƙura, riƙe da takardata. Na yi mata godiya har ta ji kunya. Ba a fafe gora ranar tafiya: duk mai niyyar nema baɗi, ya fara da wannan takarda tun yanzu, kafin ya rubuta ko harafi ɗaya.

1 ga Disamba

Takardun nema biyu sun tafi.

15 ga Disamba

Sauran biyu na Amurka sun tafi, ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare. Jimla huɗu, da ɗaya a Saudiyya.

Wasiƙun shaida sun kusa kashe ni. Uku ake nema, kuma ba kai kake kaiwa ba, jami'a ce take aika wa malamin mahaɗi ya ɗora da kansa. Farfesa ya yi nasa da wuri. Na biyu ya ce in rubuta ya sa hannu, na ce ina neman alfarma ya rubuta ko da rabin shafi ne, domin masu karantawa suna gane wasiƙar da ɗalibi ya yabi kansa. Na ukun saƙon ya faɗa masa cikin tarkacen imel, bai gani ba sai yau da la'asar. Na same shi a gida, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Allah ya gafarta Malam, yau ake rufewa." A wayata muka buɗe, yana faɗa ina nuna masa inda zai danna.

7 ga Janairu, 2024

An tallata gurbin Sifaniya kafin Kirsimeti, na aika jiya. Daga nan na je gida, domin maganar da nake ta kewayewa ta iso.

Baba ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Uwata, ba ki ce akwai ta Saudiyya ba?" Na ce akwai. Na yi masa bayanin KAUST, da aka buɗe a 2009 a Suwal, bakin Bahar Maliya arewa da Jidda, da kuma jami'ar man fetur da ma'adinai ta Sarki Fahad a Zahran. Ya ce to ai magana ta ƙare, ga karatu ga Umra. Na ce ba ni nake zaɓa ba tukuna, su ne suke zaɓa. Da na ambaci kudancin Sifaniya bai ce komai ba, sai da na ce Andalus. Nan ya gyara zama, ya fara ba ni labarin Ƙurɗuba da malamanta har aka kira magariba.

Wurin surukata ne aka yi ta ta gaske. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "'Yar nan, karatu ba laifi ba ne. Yarinyar fa?" 'Yata shekararta huɗu. Maigida ba zai iya barin aikinsa shekara biyar ba, kuma a Amurka mijin ɗaliba da ya biyo ta a kan bizar F-2 ba shi da izinin yin aiki ko kaɗan. Na ce mata ban da amsa tukuna. Ta ce gara da na faɗi haka.

A hanya maigida ya ce, "Ki samu tukuna, sai mu yi faɗan."

10 ga Fabrairu

A'a guda biyu daga Amurka, kwana uku tsakani. Kalmominsu kusan iri ɗaya, kamar malami ɗaya ya koya musu. Ta Saudiyya ma a'a. Ban gaya wa Baba ba tukuna.

24 ga Fabrairu

Dala ta doshi 1,900 a kasuwar canji wannan makon. Da na bari sai yanzu, ko takarda biyu ba zan iya cikewa ba.

Farfesan yammacin Amurka ya yi hira da ni ta bidiyo, minti ashirin da biyar. Mutumin kirki, mai saurin magana. Jiya wasiƙa ta zo: an ɗauke ni, da aikin bincike a ɗakin gwajinsa. Na yi sujada a tsakar ɗaki, 'yata ta hau bayana.

Da hankalina ya dawo na sake karantawa da biro a hannu. Kuɗin shekara ɗaya aka lamunce, sauran "gwargwadon samuwar kuɗi da ci gaban aiki". Na tambayi ɗalibansa biyu ta imel, suka ce haka ake rubutawa, kuma bai taɓa yar da kowa ba. Na yarda. Amma aikin da ke da kuɗin na wani shafe ne da ake yi wa gilashi don hana datti mannewa, a cikin ɗakin gwaji, da ƙurar gwaji da ake saya a gwangwani. Na tambaye shi littafina fa? Ya ce zai yi kyau a babin gabatarwa.

Ina da lokaci. Akwai yarjejeniya tsakanin yawancin jami'o'in Amurka cewa ba a tilasta wa ɗalibi amsa tayin kuɗi kafin 15 ga Afrilu.

14 ga Maris

Azumi na huɗu. Yau ce hirar Sifaniya, ƙarfe goma sha biyu. Na shirya zane goma, na yi cajin komai, na sayi data a layi biyu don kada a samu matsala. Tun hantsi intanet ya fara jan ƙafa, kafin sha ɗaya ya kwanta. Na hau a-daidaita-sahu na je makaranta, can ma haka. Sai da yamma muka ji cewa wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ne suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga halin da muka shiga. Layi biyu ba su da amfani in igiyar da suke rataye a kai ɗaya ce.

Da ƙyar saƙo mai layi biyu ya fita bayan la'asar. Na sha ruwa ban san ɗanɗanon abin da na ci ba.

21 ga Maris

Sun ga labarin a jaridunsu, suka sake sa rana. Yau aka yi, mutum huɗu, awa ɗaya da kwata.

Ba su tambaye ni komai a kan Najeriya ba. Littafin suka sa a gaba. Wata daga cikinsu ta ce, ta yaya na san bambancin da nake gani na ƙura ne, ba na zafi ba ko na tsufan farantan? Na ce amfiya ba ta cika damuwa da zafi ba kamar yadda bolta take yi, shi ya sa ita nake aunawa, kuma lokaci-lokaci ina wanke duka biyun in gwada su a tsabtace. Ta gyaɗa kai. Sai wani ya tambayi yawan kuskuren mitata, da abin da yake yi wa sakamakon ranakun da bambancin bai da yawa. Ban taɓa lissafawa ba. Na ji zuciyata tana cewa ki kewaye, na dai ce ban yi ba, kuma ga yadda zan yi. Ya rubuta wani abu, ban san ko mene ne ba.

A ƙarshe shugaban ya ba ni labarin Maris ɗin 2022, lokacin da ƙurar Sahara ta rufe Sifaniya, sama ta koma ruwan goro, motoci da farantai suka yi buɗu-buɗu. Suna kiranta kalima. Ya ce su kwana biyu suka yi suna kuka, mu kuma wata uku muke yi duk shekara. Suna da wuraren gwaji, har da babbar cibiyar binciken hasken rana da ke hamadar Tabernas kusa da Almeriya, amma ba su da ma'auni daga Sahel. Na tambaya kai tsaye ko za a yarda in riƙa dawowa Kano lokacin hunturu in yi aikin fili. Ya ce in aka ɗauke ni, don haka aka ɗauke ni.

6 ga Afrilu

Faculty for the Future: ba na ciki. Na sake karanta abin da na aika musu a Nuwamba. Sashen da ake tambayar me zan yi wa mata in na dawo, cikin dare ɗaya na rubuta shi, kuma ya nuna. Ta huɗun Amurka ta sa ni a layin jira.

Saura kwana tara, Sifaniya shiru. Yayata ta ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, in karɓi na Amurka in huta. Farfesa ya ce in rubuta wa Sifaniya in gaya musu gaskiya, cewa ina da tayi mai wa'adi, ba roƙo ba, ba barazana ba. Na rubuta.

12 ga Afrilu

Kwana biyu bayan Sallah, muna gidan surukata ana cin tuwo, wayata ta yi ƙara. An ba ni. Wata 36, farawa Oktoba, da kuɗin iyali, da zuwa Kano kowane hunturu a rubuce cikin tsarin aikin.

Na miƙa wa maigida wayar a ƙarƙashin tabarma kamar mai ba da cin hanci. Ya karanta, ya ce a fili, "Hajiya, faɗan nan da muka ɗaga, lokacinsa ya yi."

Ba a yi faɗa ba, lissafi aka yi. Shekara uku maimakon biyar. Wata uku a gida duk shekara. Yarinya za ta zauna da babanta da kakarta shekarar farko, in na samu wuri na gane gari sai a duba. Surukata ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Allah ya sa alheri ne. Amma kullum za ki kira ta, ba ni ba, ita." Na ce to. Daren nan ban yi barci ba, kuma ba murna ce ta hana ni ba.

15 ga Afrilu

Na rubuta wa farfesan Amurka tun da safe don ya samu ba wa wani gurbin. Ya amsa da fatan alheri, ya ce in turo masa maƙalar farko in ta fito. Na janye daga layin jira. Abokan aiki biyu sun ce na yi wauta, wa yake barin Amurka ya tafi jami'ar da ba a san sunanta ba? A watan Agusta ni ma haka zan ce.

27 ga Afrilu

Abin da ya rage: takardar neman hutun karatu ta shiga ofishin shugaban sashe ranar Litinin. Takardun shaidar digiri sai an kai Abuja, Ma'aikatar Ilimi ta buga hatimi, ta Harkokin Waje ta buga, sannan ofishin jakadanci, sannan a fassara su zuwa Sifaniyanci. Fasfo ɗina saura wata goma sha ɗaya, sai an sabunta. Na fara koyon harshen a waya, na kai ƙirga ashirin.

Farantan ba za su tsaya ba. Na samu ɗalibar aji huɗu da ke unguwarmu, yau muka hau rufi tare. Na nuna mata wanda ake gogewa da wanda ba a taɓawa, na sa jan fenti a ƙafar na biyun don kada a samu mai taimako ya wanke mana shi, kamar yadda wani baƙo ya taɓa yi a Janairun 2022 ya share mini kwana arba'in. Ta auna, ta rubuta layinta na farko a ƙarƙashin nawa. Bakwai ɗinta tana kama da ɗaya, na sa ta sake rubutawa. Na kuma saya mata sabuwar mita, za mu yi mako biyu muna auna da tsohuwar da sabuwar tare, in fitar da lissafin kuskuren nan da aka tambaye ni.